Matsayin 'Yan Nijar Mazauna Jega, Aliero da Maiyama Bayan Ficewar Ƙasarsu Daga ECOWAS

A ranar 29 ga Janairun 2025 ne Jamhuriyar Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, shekara guda bayan ƙasashen uku sun sanar da aniyarsu. Daga wannan rana, ɗan Nijar da ke zaune a Katanga ko cikin garin Jega, ko yake aiki a fadamun albasa na Aliero, ko yake kiwo a ƙasar Maiyama, ya fita daga inuwar ƙungiyar da dokokinta suka ba shi damar shigowa Najeriya ba tare da biza ba fiye da shekara arba'in. Babu wanda ya kore shi, maƙwabtansa kuma ba su sauya masa fuska ba. Abin da ya sauya shi ne ginshiƙin da zamansa ya dogara a kai ta fuskar doka.

Irin wannan hali ne Turawan Birtaniya mazauna Sifaniya suka shiga a 2020, lokacin da ƙasarsu ta bar Tarayyar Turai. Wannan maƙala ta tattaro yadda yankin Jega ya saba karɓar baƙo, da abin da dokar Najeriya ta ba shi da wanda ta hana shi, da lokutan da gwamnati ta juya masa baya, sannan ta auna duk wannan da abin da ya faru a Sifaniya.

Baƙo iri-iri ne

A bakin jama'a kalmar baƙo tana haɗa mutanen da doka ta rarrabe. Akwai ɗan cin rani, wanda yake zuwa bayan an cire amfanin gona ya yi dako ko ga-ruwa ko aikin lambu, ya koma gida idan damina ta kusa. Akwai ɗan kasuwa mai kai da komowa, wanda yake da masauki a nan amma iyalinsa suna can. Akwai mazauni, wanda ya yi shekaru, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Akwai kuma ɗan gudun hijira, wanda tsarin kariyarsa daban ne. Sai rukuni na ƙarshe, wanda ake kira baƙo alhali ɗan Najeriya ne: Bayarabe ko Ibo ko Banufe ko Bakano da aka haifa a Jega amma ba shi da takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar. Ficewar Nijar ta fi shafar rukuni uku na farko.

Garin da baƙi suka gina

Jega ta samo asali ne daga mutanen da suka rasa matsuguni. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, kuma harin da Gobirawa suka kai wa garin yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa na Kware da yaƙi a 1818. Ɗansa Buhari ne ya tattara ragowar jama'ar ya kafa Jega a wajajen 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Abdussalami kansa Ba'are ne, wato daga al'ummar Arewa da a yau iyaka ta raba tsakanin Kebbi da Nijar.

Garin ya zauna a bakin gulbin Zamfara, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular Usmaniyya, inda fatake masu bin hanyar goro zuwa Gwanja suke yada zango. Kasuwa irin wannan ba ta rayuwa sai da baƙi, don haka al'ada ta tanadi hanyar karɓarsu. Baƙo yana sauka ne a hannun fatoma ko maigida, wanda yake ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Idan ya yi niyyar zama, maigidan ne yake gabatar da shi ga mai unguwa, magana ta hau zuwa hakimi, har ta kai ga uban ƙasa idan ta shafi gona ko fili. A garuruwan Arewa da yawa akan naɗa wa kowace al'umma shugabanta, kamar Sarkin Zabarmawa ko Sarkin Zango, domin a san wanda za a tuntuɓa. Wannan tsari ya ginu ne a kan sanayya da lamuni, ba ya buƙatar takarda, kuma har yau shi ne yake aiki a yawancin ƙauyuka.

Iyakar da ta raba dangi

Iyakar da ta mayar da Ba'aren Dogon Dutsi baƙo a Kangiwa, ta mayar da Badanden Gaya baƙo a Kamba, an zana ta ne a yarjejeniyoyin da Birtaniya da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamominta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a ranar 27 ga Agustan 1991, tana maƙwabtaka da yankin Dosso na Nijar, sannan da Jamhuriyar Benin ta wajen Bagudo. Jega da Aliero da Maiyama ba sa kan iyaka, sai dai Jega mahaɗar hanyoyi ce: babban titin Sakkwato zuwa Kontagora ya ratsa ta, hanyar Birnin Kebbi kuma ta haɗe da shi a nan. Kayan da suka shigo ta Kamba ko Kangiwa za su yi kudu, da yawansu ta nan suke bi, haka ma mutane.

Saboda haka ɗan Nijar da ya sauka a wannan yanki yana tarar da harshensa da addininsa da abincinsa, sau da yawa har da danginsa. An ga ƙarfin wannan zumunci a watan Agustan 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da soja bayan juyin mulkin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yuli. Sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi amincewa da yaƙi, malaman addini suka tafi Yamai neman sulhu, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar kuma yana cikin tawagar da ECOWAS ta tura ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar.

Abin da dokar ECOWAS ta bayar

An kafa ECOWAS a Legas a ranar 28 ga Mayun 1975. A 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar walwalar zirga-zirga, wadda aka tsara aiwatar da ita a mataki uku. Na farko shi ne shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba tare da biza ba, a zauna har kwana 90, matuƙar mutum yana da ingantacciyar takardar tafiya. Na biyu, wanda aka amince da shi a 1986, shi ne haƙƙin zama da neman aiki. Na uku, na 1990, shi ne haƙƙin kafa sana'a ko kamfani. Duk da haka yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shigowar wanda dokokinta suka haramta wa shiga.

A Najeriya, wanda zai wuce kwana 90 wajibi ne ya yi rajista da Hukumar Shige da Fice ya karɓi katin zama. A nan ne giɓin yake. Mai lambu ko makiyayi da ya shigo ta hanyar daji, ya sauka a gidan ɗan'uwan mahaifiyarsa, bai ga dalilin zuwa ofis a Birnin Kebbi ya biya kuɗin kati ba, tunda babu wanda ya taɓa tambayarsa. A idon unguwa shi ɗan gida ne. A idon doka kuwa ya wuce wa'adi.

A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta fitar da sanarwa tana umartar ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su ci gaba da shiga ba biza, da zama, da sana'a, har sai an fitar da wani sabon umarni. Ƙawancen Ƙasashen Sahel, wato AES, wanda ƙasashen uku suka kafa a watan Satumban 2023, shi ma ya sanar a watan Disamban 2024 cewa ƙofarsa a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba, ya kuma ƙaddamar da nasa fasfon a Janairun 2025. Abin lura shi ne, haƙƙin da a da yake rubuce a yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu, ficewar ta mayar da shi alfarma da sanarwa ta bayar, wadda wata sanarwar za ta iya janyewa.

Abin da tsawon zama ba ya bayarwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda aka haifa a Najeriya ɗan Najeriya ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ce haka ba. Sashe na 25 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan jini: wanda aka haifa a nan bayan samun 'yancin kai yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Najeriya ne. Wannan yana nufin yaron da mahaifinsa ɗan Dosso ne, mahaifiyarsa 'yar Aliero, cikakken ɗan Najeriya ne, babu wanda ya isa ya hana shi katin zaɓe. Wanda kuwa iyayensa da kakanninsa duka 'yan Nijar ne, baƙo ne a doka ko da bai taɓa taka ƙasar Nijar ba.

Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Shi sai dai ya bi sashe na 27, wanda ya gindaya zaman shekara 15. Cikin sharuɗɗan wannan sashe akwai wanda ya shafi batunmu kai tsaye: dole gwamnan jihar da mutum yake zaune ya gamsu cewa al'ummar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da rayuwarsu. Ke nan kundin ya san darajar karɓuwa a gari, amma ba ta da amfani a hukumance har sai mutum ya nema a rubuce, shugaban ƙasa ya ba shi takardar shaida.

Ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce kaɗai, tun daga zaɓen kansila har na shugaban ƙasa. Lambar NIN ba ta sauya wannan, domin dokar da ta kafa hukumar NIMC a 2007 ta ba da damar yi wa baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida rajista. Lambar shaida ce ta ko wane ne mutum, ba shaidar zama ɗan ƙasa ba.

Batun fili ya fi haɗari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin 'yan Najeriya. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Bajamushe, Gerhard Huebner, kan filin da ya yi gini a kai a Kajuru ta jihar Kaduna, inda ta tafi a kan cewa wannan amana ba ta haɗa da baƙi ba. Idan Bature mai lauyoyi ya rasa fili a gaban Kotun Ƙoli, to manomin da ya sayi gona a gaban shaidu biyu da mai unguwa yana da dalilin yin hattara.

Lokutan da aka juya wa baƙo baya

Hausawa na cewa baƙonka annabinka, suna kuma cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tarihin Najeriya ya ga duka biyun. A ranar 17 ga Janairun 1983, bayan faɗuwar farashin mai kuma ana tunkarar zaɓe, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kusa miliyan biyu, kimanin rabinsu 'yan Ghana, sauran kuwa har da 'yan Nijar da Chadi. Yarjejeniyar 1979 ba ta cece su ba, domin a lokacin matakin kwana 90 kaɗai ne yake aiki. Gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ta sake korar baƙi a 1985, a daidai lokacin da fari ya addabi Sahel. Har yau a wasu sassan Nijar ana kiran yunwar wancan lokaci da sunan Buhari.

An sake rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa. A 2023 aka rufe iyakar Nijar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka kuma katse wutar lantarkin da ke tafiya Yamai ta layin Birnin Kebbi. Ƙungiyar ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar a watan Maris.

Zargin baƙunta makami ne na siyasa, kuma ba baƙi kaɗai yake sara ba. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta tsallakar da shi Chadi a kan cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. A yau kuma matsalar tsaro ta ƙara wa zargin nauyi. Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, kiraye-kirayen a sa ido kan baƙi sun yawaita a Kebbi. Tsoron yana da tushe, amma inda babu rajistar da za ta bambanta mazaunin shekara talatin da wanda ya shigo jiya, zargin yana faɗawa kan kowa.

Yadda ta kasance a Sifaniya

'Yan Birtaniya kusan 300,000 ne suke cikin rajistar mazauna Sifaniya, akasarinsu a gaɓar teku, musamman lardunan Alicante da Malaga. Da yawansu tsofaffi ne masu cin fansho da suka bi rana da sauƙin rayuwa. Karɓar da ake yi musu haɗe take da so da ƙorafi. Ana maraba da kuɗinsu, domin sun daɗe a sahun gaba na baƙin da ke sayen gidaje, garuruwa da dama kuma suna rayuwa da cinikinsu. Ana kuma kuka da cewa wasunsu suna shekaru ba su koyi harshen ƙasar ba, suna zaune a unguwanninsu da shagunansu. Tsadar gidaje ta ƙara zafafa muhawarar: a Janairun 2025 Firaminista Pedro Sanchez ya kawo shawarar ɗora haraji mai nauyi a kan baƙi daga wajen Tarayyar Turai da ke sayen gida ba tare da suna zaune a ƙasar ba, a Afrilun shekarar kuma aka soke tsarin ba da izinin zama ga wanda ya zuba kuɗi a gidaje.

Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a ranar 31 ga Janairun 2020, wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare a 31 ga Disamba. Kafin nan an rubuta yarjejeniyar rabuwa wadda ta tabbatar wa duk wanda ke zaune bisa ƙa'ida kafin ƙarshen wa'adin haƙƙinsa na zama da aiki da kiwon lafiya, aka kuma fitar masa da katin shaida mai suna TIE. Tun a Janairun 2019 ƙasashen biyu suka ƙulla wata yarjejeniya ta daban da ta bar mazaunan kowane ɓangare su ci gaba da kaɗa ƙuri'a da tsayawa takara a zaɓen ƙananan hukumomi. Waɗanda suka sha wuya su ne waɗanda suka yi shekaru suna zaune ba su yi rajista ba: sun wayi gari a matsayin maziyarta da ba za su wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba. Inda aka yi jinkirin rubuta yarjejeniya ma an ji a jika, domin daga Mayun 2022 zuwa Maris na 2023 mazauna da yawa sun rasa ikon tuƙi da lasisin Birtaniya har sai da aka daidaita.

Idan aka ɗora ɓangarorin biyu a sikeli, Baturen Alicante ya fi ɗan Nijar na Jega nisa da mutanen gari a harshe da aure da ibada, amma ya fi shi ƙarfin takarda. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi abu biyu ne: yarjejeniya a rubuce, da rajistar mazauna da kowace ƙaramar hukuma take riƙe da ita, wadda da ita ake sa yaro a makaranta, ake kuma lissafa kason kuɗin da gari zai samu. A Najeriya abin da ƙaramar hukuma ta fi bayarwa shi ne takardar shaidar asali, wadda take tambayar inda kakan mutum ya fito maimakon inda shi yake zaune. Jihohi irin su Legas da Kaduna sun kafa hukumomin rajistar mazauna, ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa an yi ta ne a 2006.

Abubuwan da za a sa wa ido

Na farko shi ne ko tattaunawar ECOWAS da AES za ta haifar da rubutacciyar yarjejeniya da ta ambaci waɗanda suka riga suka zauna, kamar yadda aka yi wa 'yan Birtaniya. Na biyu, Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda za a iya bi ta kanta a ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ko da ta ƙungiyoyin ta ci tura. Wannan tambaya ce da ya dace matasan yankin su yi wa wakilansu a Majalisar Tarayya, domin duk matakin da aka ɗauka a kan 'yan Nijar a nan, 'yan Kebbi da ke kasuwanci a Gaya da Dosso da Yamai ne za su fara ɗanɗana ramuwarsa.

Na uku yana hannun iyalai. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ɗauke da sunan uwa da uba ita ce hujjar farko ta yaron da aka haifa a auren da ya haɗa ƙasashen biyu. Katin zama daga Hukumar Shige da Fice shi ne hujjar mazauni cewa ya riga ya zauna kafin kowace sabuwar doka. A 1983 mako biyu aka bayar, kuma jami'an da suka zo aiwatar da umarnin takarda suka nema, ba shaidar maƙwabta ba.